Ɗaɗɗoya: Asalinta, ire-irenta da yadda ake noman ta a tsakar gida

Ɗaɗɗoya shuka ce mai ƙamshi daga dangin na'a-na'a, wadda ake sa ganyenta a farfesu da miya da shayi, kuma ta daɗe a cikin magungunan gargajiya na ƙasar Hausa. A wasu wurare ana cewa ɗoɗɗoya, a wasu kuma ɗaiɗoya. Yarabawa suna kiran ta efinrin, Ibo suna cewa nchanwu, Larabawa kuma raihan ko habaƙ.

Yawancin mazauna birane sayen ta suke yi ƙulli-ƙulli a wurin masu kayan miya. Sai dai ganyenta ba ya jure ajiya. Idan aka bar shi a fili ya yi yaushi cikin kwana biyu, idan kuma aka sa shi a firji ya yi baƙi, don haka sau da yawa rabin abin da aka saya a shara yake ƙarewa. Alhali gindi biyu ko uku a cikin tsohon bokiti sun isa su wadatar da gida tsawon watanni. Noman ta ba ya buƙatar gona ko jari mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne rana, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya a cikinta, da kuma sanin lokacin da ya kamata a datse kanta, domin da zarar an bar ta ta yi fure sai ta rage ba da ganye.

Danginta

Masana tsirrai suna kiran dangin na'a-na'a da sunan Lamiaceae, kuma ya ƙunshi nau'o'in tsirrai kimanin 7,000. Akwai alamomin da ake gane 'yan wannan dangi da su. Karansu yana da kusurwa huɗu, ana jin haka idan aka murza shi tsakanin yatsu. Ganyayensu suna fitowa biyu-biyu, suna fuskantar juna a kan gaɓa ɗaya. Furensu ƙarami ne mai kama da baki buɗe, da leɓen sama da na ƙasa, kuma kowane fure yakan bar ƙananan ƙwayoyin iri huɗu.

Bahaushe ya san 'yan wannan dangi da dama ko da bai haɗa su zuri'a ɗaya ba. Rizga da tumuku, waɗanda ake noman su don saiwarsu, 'yan dangin ne. Haka nan tayim da ake barbaɗawa a shinkafa da nama, da lafanda da ake turare da ita. Bayan binciken ƙwayoyin halitta, masana sun mayar da ɗinya da malaina cikin wannan dangi, duk da cewa su manyan itatuwa ne.

Sunan zuriyar ɗaɗɗoya a kimiyyance Ocimum. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya tabbatar da wannan suna a littafinsa na shekarar 1753. A ƙasar Hausa kuwa, likitan nan ɗan Birtaniya J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga su a 1916, kuma ɗaɗɗoya tana cikin waɗanda ya rubuta.

Ire-iren da aka fi sani

Sunan ɗaɗɗoya ya haɗa shuke-shuke fiye da ɗaya, kuma bambanta su yana da amfani, domin kulawar da kowacce take so ta ɗan bambanta.

Ta farko ita ce ɗaɗɗoya ta gida, wato Ocimum gratissimum. Ganyenta faffaɗa ne mai ɗan kaushi, gefensa kamar haƙoran zarto, ƙamshinta kuma mai ƙarfi. Tana girma ta zama ƙaramar bishiya mai tsawon mita 1 zuwa 3, gindinta ya yi itace, ta rayu shekaru da dama idan tana samun ruwa da rani. Ita ce aka fi sa wa a farfesun kifi da na kayan ciki a faɗin Najeriya.

Ta biyu ita ce Ocimum basilicum, mai ganye mai laushi da sheƙi. Tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 30 da 60, kuma yawanci kakar shuka ɗaya take yi ta mutu. Ita ce ta yi suna a Turai. A birnin Jenowa na ƙasar Italiya ana daka ta da tafarnuwa da cuku da man zaitun a yi wani haɗi da ake kira pesto, har Tarayyar Turai ta ba irin da ake nomawa a wannan yanki kariyar suna ta musamman a 2005. Sunanta na Turai ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin sarki.

Ta uku ita ce Ocimum americanum, mai ƙananan ganye da ɗan gashi-gashi, wadda kan fito da kanta a gonaki da bayan gida da damina. Duk da sunanta, asalinta Afirka da Asiya ne.

Akwai kuma tulsi ta ƙasar Indiya, wadda mabiya addinin Hindu suke girmamawa suna shuka ta a tsakar gidajensu. Wajibi ne a bambanta waɗannan duka da wata ciyawa mai ƙarfin wari da ke cika gefen titi da kangwaye da damina, Hyptis suaveolens, wadda ta shigo daga yankunan zafi na nahiyar Amurka. Ita ma 'yar dangin ce, amma ba ita ake sa wa a miya ba.

Inda ƙamshin yake

Ƙamshin ɗaɗɗoya yana cikin wani mai da ke taruwa a ƙananan ƙwayoyi a fatar ganyen, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma. Idan aka murza ganyen, ƙwayoyin suna fashewa, ƙamshin ya tashi. A ɗaɗɗoya ta gida, sinadarin da ya fi yawa a wasu ire-iren shi ne yujinol, wanda shi ne ke ba kanumfari ƙamshinsa. A wasu kuma timol ne, irin na tayim. Wannan ya sa gindi biyu masu kama ɗaya za su iya bambanta a hanci.

Man nan mai saurin tashi ne idan ya ji zafi. Daga nan ƙa'idoji biyu suka fito waɗanda za a sake cin karo da su a gaba: ba a shanya ganyen a rana, kuma ba a zuba shi a tukunya sai an kusa sauke girki.

Wuri, ƙasa da mazubi

Ɗaɗɗoya tana son hasken rana na sa'a shida zuwa takwas a yini. Wadda aka ajiye a lungu mai duhu takan yi tsawo marar ƙarfi, ganyenta ya yi fari-fari, ƙamshinta ya ragu. A birane irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, ya fi kyau a ajiye ta inda za ta samu ranar safe, inuwa kuma ta rufe ta daga azahar, kamar gabashin katanga ko gefen inuwar bishiya.

Duk wani mazubi mai zurfin santimita 25 zuwa 30 zai yi: tsohon bokiti, jarkar da aka yanke, fasasshiyar randa ko buhun siminti da aka wanke sosai. Bokiti mai cin lita 10 ya ishi gindi ɗaya ko biyu na mai laushin ganye. Ta gida kuwa tana buƙatar mai cin lita 20 ko fiye, domin saiwarta tana yaɗuwa. Dole ne a huda gindin mazubin wuri huɗu ko biyar, a ɗora shi a kan bulo ko duwatsu don ruwa ya riƙa fita. A guji jarkar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a cikinta.

Haɗin ƙasar da ya dace shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na yashi ko ɓuntun shinkafa. Laka zalla tana riƙe ruwa ta ruɓar da saiwa, yashi zalla kuma ba ya riƙe komai. Kashin awaki da na tumaki da na shanu duk suna da kyau idan sun ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, sai an tara shi an riƙa jiƙa shi ana juyawa na wata biyu zuwa uku kafin a yi amfani da shi.

Ba a haɗa ɗaɗɗoya da na'a-na'a a mazubi ɗaya. Na'a-na'a tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta mamaye wurin, kuma ta fi son danshi da inuwa.

Shuka da iri

Irin ɗaɗɗoya ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa. Saboda ƙanƙantarsu ba a binne su da zurfi. Ana jiƙa ƙasar tukuna, a gauraya irin da ɗan yashi don kada ya taru wuri ɗaya, a yafa shi, sannan a barbaɗa ƙasa mai laushi wadda kaurinta bai wuce rabin santimita ba. Ana yayyafa ruwa da hannu ko da gwangwanin da aka huhhuda, domin ruwan da aka kwarara yakan kwashe irin. Irin mai laushin ganye yana yin wani yauƙi fari idan ya jiƙa. Wannan ɗabi'arsa ce, ba alamar lalacewa ba, har ma a Indiya da Iran ana jiƙa shi a sa a abin sha.

Mai laushin ganye takan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10 idan akwai ɗumi. Ta gida ta fi jinkiri, kuma ba ta fitowa a tare, don haka kada a yi saurin cire rai. Idan tsiron ya yi ganye huɗu zuwa shida, wato bayan mako huɗu zuwa shida, sai a cire shi da ƙasarsa a dasa da yamma. A fili ana barin tazarar santimita 25 zuwa 30 tsakanin gindi da gindi ga mai laushin ganye, ta gida kuma aƙalla santimita 60.

Dashen reshe

Hanya mafi sauƙi ga mazaunin birni ita ce dashen reshe, kuma ana iya farawa da ƙullin da aka sayo a kasuwa muddin bai yi yaushi ba. Ana zaɓar reshe mai lafiya wanda bai yi fure ba, mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a yanke shi dab da ƙasan gaɓa, a cire ganyayen ƙasa a bar biyu ko huɗu na sama. Sai a tsoma shi a kofin ruwa a ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukan sa, a riƙa canja ruwan duk bayan kwana biyu. Mai laushin ganye takan fitar da saiwa cikin mako ɗaya zuwa biyu, ta gida kuma takan kai mako uku ko huɗu. Idan saiwar ta kai tsawon gaɓar yatsa biyu sai a mayar da reshen ƙasa, a bar shi a inuwa na 'yan kwanaki kafin a fitar da shi rana.

Fa'idar wannan hanya ita ce sabon gindin yana ɗauko ƙamshin uwarsa daidai. Wanda ya samu ɗaɗɗoyar da ƙamshinta ya yi masa, ta reshe ne zai tabbatar ya riƙe ta.

Ban-ruwa da taki a kowane yanayi

Ƙa'idar ban-ruwa ita ce a cusa yatsa cikin ƙasar. Idan gaɓar farko ta fito a bushe sai a ba da ruwa har ya fara ɗiga ta ƙasan mazubin, idan da danshi a dakata. Ana zuba ruwan a gindi, da safe, ba a kan ganye ba.

Farkon damina, daga Mayu zuwa Yuli gwargwadon wuri, shi ne lokacin da ya fi sauƙin farawa. Haɗarin damina shi ne yawan ruwa, musamman a watan Agusta. Idan ganyen ƙasa ya fara rawaya alhali ƙasar a jiƙe take, a duba ko hujin mazubin ya toshe.

Da hunturu girman shukar yana raguwa. Ɗaɗɗoya, musamman mai laushin ganye, ba ta jure sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10, kuma a wurare masu tudu kamar Jos daren Disamba da Janairu yakan kai haka. Ana matsar da mazubin jikin bangon da ke kare shi daga iska, a rage ruwa, a riƙa wanke ƙurar da ta lulluɓe ganyen da hantsi don ya bushe kafin dare.

Da bazara kuwa, mazubi yana iya buƙatar ruwa safe da yamma. Rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa yana rage bushewa. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwa, don haka a naɗe ta da buhu ko a sa ta a inuwa.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye suna da kyau a tara su don ban-ruwa. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana lalata ƙasa. Ruwan kwata kuwa bai dace da ganyen da za a ci ba ko kaɗan. Binciken da aka yi a kan lambunan da ake shayarwa da gurɓataccen ruwan birni, ciki har da na gefen kogin Jakara a Kano, ya nuna kayan lambu suna iya ɗaukar ƙwayoyin cuta da sinadarai masu cutarwa daga irin wannan ruwa. Wannan ma wani dalili ne na noma ganyen miya a gida.

Game da taki, cikin hannu ɗaya na ruɓaɓɓen taki a kowane wata ya ishi bokiti. Mai amfani da takin zamani ya taƙaita, ya kuma nisanta shi da karan. Yawan yuriya yana kawo manyan ganye masu ruwa-ruwa da ƙarancin ƙamshi, kuma yana jawo ƙwari.

Datse kai da hana fure

Nan ne mafi yawan masu shuka suke kuskure. Ɗaɗɗoyar da aka bari ba a taɓa ba takan miƙe da kara ɗaya, ta fitar da zangarniyar fure a samanta. Daga lokacin ƙarfinta yana komawa ga yin iri. Sabon ganye yana raguwa, wanda ya fito ya zama ƙarami mai tauri da ɗan ɗaci. Mai laushin ganye, idan irinta ya nuna, sai ta bushe gaba ɗaya.

A hammatar kowane ganye, wato inda ya haɗu da kara, akwai ɗan toho da ke kwance. Muddin kan shukar yana girma, yana fitar da wani sinadari da ke hana waɗannan tohon tashi. Idan aka cire kan, tohon biyu da ke gaɓar ƙasa da wurin sai su miƙe su zama rassa. Kara ɗaya ya koma biyu, biyu su koma huɗu, har shukar ta zama dunƙulalliya mai yawan ganye.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana fara datsewa ne tun shukar tana da tsawon santimita 15 zuwa 20, da gaɓa uku ko huɗu. Ana tsinke kan da farce ko almakashi mai tsabta, dab da saman ganye biyu masu fuskantar juna. Bayan mako biyu zuwa uku, idan sababbin rassan sun yi gaɓa biyu ko uku, su ma a datse su haka. Duk zangarniyar furen da ta ɓullo a cire ta tun tana ƙarama, tare da ganye biyun da ke ƙarƙashinta. Zafi da ƙishirwa suna gaggauta fure, don haka da bazara sai an riƙa dubawa kowane mako.

Kuskure na biyu shi ne tsige manyan ganyayen ƙasa ɗaya bayan ɗaya a bar kan. Wannan yana barin dogon kara tsirara, kuma ba ya hana fure. Girbin da ya dace shi ne yanke kan reshe, domin shi ne girbi kuma shi ne gyara. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na ganyen shukar a lokaci guda.

Ɗaɗɗoya ta gida da ta tsufa ta yi itace ana iya sare ta a bar kamar santimita 30 daga ƙasa a farkon damina, a ƙara mata taki, za ta sake tohowa. Masu noman ɗaɗɗoya don tatsar mai su ne kaɗai suke jiran fure, domin man ya fi yawa a lokacin da furen ya fara buɗewa.

Ƙwari da cututtuka

Ƙamshinta bai hana wasu ƙwari cin ta ba. Darɓa da farin ƙuda suna maƙalewa a bayan ganye suna tsotse ruwansa, ganyen ya nannaɗe ya yi danƙo. Fara da tsutsa suna huda shi. A 'yan gindin da ke gida, tsince su da hannu ko wanke bayan ganyen da ruwa yakan wadatar. Idan sun yi yawa, ana daka 'ya'yan darbejiya ko ganyenta a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma. Awaki da kaji ma abokan gaba ne, sai an ɗaga mazubin ko an kewaye shi.

Akwai wata cutar fumfuna da ta fi kama mai laushin ganye a lokacin danshi. Saman ganyen yana yin rawaya tsakanin jijiyoyi, bayansa kuma ya yi wani gashi-gashi mai ruwan toka. Cutar ta ɓulla a Suwizalan a 2001, ta isa Amurka a 2007, ta jawo wa manoma asara mai yawa, kuma tana bin iri da iska. Wata cutar kuma a ƙasa take zaune. Shukar takan yi yaushi farat ɗaya ko da akwai ruwa, karanta ya yi zane mai ruwan ƙasa. A duka biyun, a tuge gindin da ya kamu a ƙone shi, a zubar da ƙasar mazubin. Ba da tazara don iska ta ratsa, da guje wa jiƙa ganye da dare, su ne rigakafin.

Kada a fesa wa ɗaɗɗoya fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin da ba a yi shi don kayan lambu ba. Ganye ne da ake tsinka a ci a ranar. Ragowar sinadarin da ke cikin fiya-fiya ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da wake daga Najeriya a 2015.

Girbi da adanawa

Mai laushin ganye takan isa girbi bayan wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi da dasawa, ta gida kuma wajen wata uku. An fi so a yanka da safe bayan raɓa ta bushe. Rassan da ba za a yi amfani da su nan take ba a tsoma gindinsu a kofin ruwa a ajiye a inuwa, za su yi kwanaki da kyansu. Sanyin firji, wanda yake wajen digiri 4, shi ne ke baƙanta ganyen.

Don ajiya mai tsawo, ana baza ganyen a faifai ko tabarma a ɗaki mai iska, a riƙa juyawa har ya bushe ƙarau, sannan a zuba shi a kwalba mai murfi a ajiye inda babu haske. Kada a niƙa shi sai za a yi amfani da shi. Mai tsayayyar wutar lantarki zai iya markaɗa ɗanyen ganyen da ɗan mai ya daskarar da shi.

Ajiye iri

Ana ware gindi ɗaya mai lafiya da ƙamshi a bar shi ya yi fure. Furen fari ne ko mai ɗan shunayya, kuma ƙudan zuma suna son sa ƙwarai. Idan zangarniyar ta bushe ta koma ruwan ƙasa sai a yanke ta, a ƙarasa busar da ita a cikin takarda, a murje a sheƙe. Irin da aka ajiye a busasshen wuri mai sanyi yana yin 'yan shekaru bai mutu ba. Idan iri biyu daban suka yi fure kusa da juna, ƙudan zuma suna iya gauraya su, abin da zai tsiro ya bambanta da uwar.

Kasuwarta

A duniya, Masar tana cikin manyan masu fitar da busasshiyar ɗaɗɗoya, Kenya da Habasha kuma suna aika ɗanya zuwa Turai ta jirgin sama. A cikin gida, masu sayen ta a kai a kai su ne gidajen abinci da otal-otal da masu sayar da farfesu, sai masu haɗa kayan shayi. Da damina ganyen yana yawa ya yi araha, da rani kuma ya yi ƙaranci, don haka mai rijiya ko burtsatse shi ne ke da damar cin kasuwar. Tun da kayan ba ya jure ajiya, hikima ita ce a samu mai saye kafin a faɗaɗa shuka, a kuma tanadi wurin busar da abin da ya yi kwantai. Sayar da dashe a leda ma wata hanya ce. Mai neman shawarar masana zai iya tuntuɓar malaman gona na jiharsa ko cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, kuma take da rassa a Bagauda ta Jihar Kano da Dadin Kowa ta Jihar Gombe.

Magani da korar sauro

A gargajiyance ana shan ruwan dafaffen ganyen don ciwon ciki, ana kuma sirace da shi don mura. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna man ɗaɗɗoya yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, wasu gwaje-gwajen a kan dabbobi kuma sun nuna yana rage sukarin jini. Amma abin da aka gani a kwalbar gwaji ko a jikin ɓera bai zama hujjar warkar da mutum ba. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya ajiye maganin asibiti saboda ita. Mai juna biyu ta tsaya ga ɗan abin da ake sa wa a girki, kuma tataccen man ba na sha ba ne.

Haka batun sauro yake. Murza ganyen ko turara shi yana korar sauro na ɗan lokaci, amma gindin da ke tsaye a bakin taga ba ya kare mai barci. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, don haka gidan sauro mai magani yana nan a matsayinsa. Hasali ma, ruwan da ya kwanta a farantin da ke ƙarƙashin mazubi, ko kofin dashen da aka manta ba a canja ba, wurin ƙyanƙyasar sauro ne. A riƙa zubar da shi aƙalla sau biyu a mako.